Mun sauka a Dockyard na Barmuda, amma wa ya ɗora waɗannan duwatsun?

Maman Ihsan (New Jersey):
Assalamu alaikum jama'ar gida. Na yi muku alkawarin labari in mun dawo, to Allah ya dawo da mu lafiya tun ranar Lahadi. Daga New York jirgin ya ɗaga, muka kwana biyu ba abin da ido ke gani sai ruwa da sama, sannan muka wayi gari a Barmuda. Tsibirin ba ya cikin Karebiyan kamar yadda mutane da yawa ke zato. Shi kaɗai yake a cikin tekun Atilantika, wajen kilomita 1,000 daga gaɓar Carolina ta Arewa, kuma faɗinsa duka bai wuce murabba'in kilomita 54 ba.

Manyan jiragen yawo suna tsayawa ne can ƙarshen yamma, a tsohon sansanin sojan ruwan Ingila da ake kira Royal Naval Dockyard. 'Yan gari Dockyard kawai suke cewa. Matsaya biyu ce, King's Wharf da Heritage Wharf. Abin da ya fara taɓa ni shi ne daga saman jirginmu leƙa ganuwar muke yi daga sama, igwogin da ke kanta sun zama 'yan ƙanana kamar kayan wasan yara. Da aka buɗe ƙofa mutane suka kwararo da tawul a kafaɗa, kowa na neman motar da za ta kai shi Horseshoe Bay, bakin tekun nan mai yashi ruwan hoda. Maigidan ya tafi da yara maza, ni da Ihsan muka tsaya muka shiga gidan tarihin da ke cikin ganuwar.

A nan na karanta cewa bayi ne suka fara wannan gini, sannan aka kawo fursunoni daga Ingila da Ailan kusan 9,000 tsakanin 1823 da 1863, kuma wajen 2,000 daga cikinsu a nan suka mutu, akasari da zazzaɓin shawara. Da muka fito na dafa bangon. Dutse ne fari-fari mai kaushi, kana ganin sawun sassaƙa a jikinsa layi-layi. Taku kaɗan daga wurin ana sayar da askirim, ana kiɗa. Wallahi har yau abin bai bar raina ba. Shi ne na ce bari in tambaye ku: daidai ne a mayar da wuri irin wannan kasuwa?

Alhaji na Bronx:
Wa alaikumus salam. Sannu da hanya Maman Ihsan, ya gajiya, ya yaran? Ni sau biyu na je wurin nan. Na fahimci abin da ya dame ki, amma ki duba ta wani gefen. A 1951 sojan ruwan Ingila suka rufe mafi yawan sansanin suka tafi. Shekaru wurin ya yi a yashe, rufi na zubewa, ciyawa ta cinye. Gini ba ya zama da kansa 'yata, sai da mai share shi da mai gyara. Kuɗin gyaran daga ina? Daga aljihun masu tawul ɗin nan ne. Da ba su zuwa, ko bangon da kika dafa ba za ki samu ba.

Malam Mai Tarihi (Zariya):
Barka da dawowa Hajiya. Kafin a shiga gardama bari in ɗan shimfiɗa yadda aka yi wurin ya samu, don kowa ya san a kan me ake magana. Da Amurka ta ƙwace 'yancinta a 1783, Ingila ta rasa duk tashoshinta da ke tsakanin Halifax a Kanada da tsibiran Karebiyan. Barmuda tana kusan tsakiya, ga kuma duwatsun ƙarƙashin ruwa sun kewaye ta, jirgin da bai san hanya ba sai ya fashe kafin ya iso. Shi ya sa a 1809 suka sayi fili a wani ɗan tsibirin Barmuda mai suna Ireland, wanda ke ƙarshen yamma, suka fara gini. Ba a daɗe ba wurin ya yi musu rana. Daga Barmuda rundunar da ta ƙone fadar shugaban Amurka a Washinton cikin Agustan 1814 ta tashi. Wato mutanen da ke sauka daga New York yau da kayan wanka, suna sauka ne a sansanin da aka gina don a tsare wa ƙasarsu hanya.

Anti Nas (Landan):
Maman Ihsan sannu da zuwa. Ni tambayata ta cikin gida ce, ku yi haƙuri in katse ku. Muna shirin tafiya da Mama a bazara mai zuwa, ita kuma fasfon Najeriya gare ta. Ya maganar biza? Sannan abinci fa, da salla a cikin jirgi?

Maman Ihsan (New Jersey):
Anti, Barmuda ba ta bayar da bizar kanta. Mai fasfon Najeriya abin da ake nema a wurinsa shi ne bizar shiga da fita sau da yawa ta Amurka ko Kanada ko Birtaniya, kuma ta kasance da sauran kwanaki bayan ranar da zai bar tsibirin. Ki tabbatar da kamfanin jirgin kafin ki biya ko sisi.

Abinci kuwa mun zauna a kan kifi da shinkafa da kayan lambu. Amma ki kula da abu biyu. Akwai wani kek da ake sayarwa a Dockyard, ana miƙa wa mutane ɗanɗano kyauta, da giyar rake ake yin sa. Haka miyar kifinsu da suke alfahari da ita, al'adarsu ce a ɗiga mata giya a kan tebur, sai ki tambaya tun kafin a kawo. Salla in jirgi na tafiya alƙibla tana juyawa, sai ki duba waya duk lokacin da za ki tayar. In an tsaya a Dockyard gabas ce maso arewa. Ranar Juma'a maigidan ya hau jirgin fito zuwa Hamilton, tafiyar kamar minti 20, ya yi salla a Masjid Muhammad da ke titin Cedar.

Ɗan Zango (Kumasi):
Alhaji, da girmamawa, ban yarda da kai duka ba. Mu ma nan Ghana muna da tsofaffin gidajen tsare bayi na Cape Coast da Elmina, su ma da kuɗin baƙi suke rayuwa. Amma ba wanda zai shiga Cape Coast ya fito bai san me aka yi a wurin ba. Mai rakiya zai saukar da kai ɗakin da aka tsare maza, duhu, iska ba ta shiga, ya ce ka tsaya shiru. Na ga ƙato ya fito yana share hawaye. Masu sayar da tsaraba suna nan, amma a waje, bayan ka gama gani. Abin da Maman Ihsan ke faɗi shi ne a can an juya abin: kasuwa ce a gaba, tarihin sai wanda ya nema ya biya kuɗin shiga.

Alhaji na Bronx:
Ɗan Zango, Cape Coast kurkukun bayi ne, don haka aka yi amfani da shi. Dockyard wurin gyaran jirage ne. Kuma fursunonin nan da ake ta tausaya wa, ai masu laifi ne kotu ta yanke musu hukunci. Ba ɗaya suke da wanda aka kamo daga gonarsa aka sayar ba. Kada mu haɗa su a kwano ɗaya.

Malam Mai Tarihi (Zariya):
Alhaji ya yi gaskiya cewa ba ɗaya ba ne. Fursuna yana da ranar fita, kuma ɗansa ba a haife shi fursuna ba. Amma a duba irin laifin. A Ingilar wancan zamani ƙaramar sata tana iya sa a yi wa mutum shekara bakwai a wata ƙasa. Lokacin babbar yunwar Ailan, wadda ta fara a 1845, an turo 'yan Ailan da yawa Barmuda, cikinsu har da yara matasa da yunwa ta sa suka ɗauki abin wani. Akwai kuma 'yan siyasa. John Mitchel, ɗan jaridar Ailan mai adawa da mulkin Ingila, an tsare shi a nan a 1848 cikin wani jirgi mai suna Dromedary.

Kuma ku san inda suke kwana. Tsofaffin jiragen yaƙi ne da suka gama aiki, aka cire musu filafilai, aka yi musu rufi, aka ɗaure su a bakin gaɓa. Mutum ɗaruruwa a cikin cikin jirgi ɗaya, ga zafi ga laima. Da safe a fito da su fasa dutse, da yamma a mayar. In shawara ta shigo, kamar yadda ta yi a 1853, sai ta bi su ɗaki-ɗaki. A lokacin ba wanda ya san sauro ne ke ɗauke da ita.

Ɗan Zango (Kumasi):
To Malam ga abin da ke ci mini rai. Ka ga yanzu ka kawo sunan mutum, da sunan jirginsa, da shekara. Fursunoni suna da rajista, gwamnati ta rubuta kowa da laifinsa. Bayin da suka fara aikin fa? Hayar su aka yi daga hannun iyayen gijinsu, su yi wuni suna aiki, ladan ya tafi aljihun wani. Wa zai kawo mana sunan mutum ɗaya daga cikinsu a zauren nan? In ba a yi hankali ba, ko a wajen tausayi ma sai Bature ya sha gaba, don shi ne aka rubuta.

Maman Ihsan (New Jersey):
Ɗan Zango wannan magana taka ta shige ni. Amma don adalci bari in faɗi abin da na gani. A cikin ganuwar akwai wani babban gida a kan tudu, gidan Kwamishina, an gina shi a shekarun 1820. A cikinsa akwai ɗakuna da aka ware wa cinikin bayi da bauta a Barmuda. Na ga mari na ƙarfe a cikin gilashi. Ihsan ta tsaya ta kafa masa ido, ta sa yatsunta ta zagaye wuyan hannunta tana gwadawa, ba ta ce komai ba. Shekararta tara. Ban san lokacin da na jawo ta jikina ba.

Sannan akwai wani zane da ya cika bangon matakala tun daga ƙasa har sama, wani ɗan tsibirin mai suna Graham Foster ya yi shi, tarihin Barmuda ne gaba ɗaya, har da fashewar jirgin Ingila mai suna Sea Venture a gaɓar tsibirin a 1609. Baƙaƙen fata suna ko'ina a cikinsa, a jirage, a gonaki, a wurin gini. Ba su ɓoye ba. Damuwata ita ce jirginmu ya ɗauko mutum dubbai, amma a ɗakin marin nan mu biyar ne.

'Yar Damagaram:
Allah ya jiƙan bayinsa. Ni wani abu ne ya ja hankalina a hotunan da kika turo jiya, Yaya. Me ya sa duk rufin gidajensu fari ne fat, kuma hawa-hawa kamar matakala?

Injiniya (Fatakwal):
Ƙanwata, wannan tambayar taki ce ta fi kusa da mu. Barmuda ba ta da kogi ko ɗaya. Ruwan sama suke sha. Rufin da fallayen dutsen farar ƙasa ake yin sa, hawa-hawan yana rage wa ruwa gudu, sai wata 'yar hanya da aka gina a jikin rufin ta tattara shi ta zuba a tankin da ke ƙarƙashin gida. Doka ce, ba ka gina gida ba tare da tanki ba. Farin fentin kuma ana sabunta shi don ruwan ya zo da tsabta, nauyin dutsen yana hana guguwa ɗage rufin. Ku da kuka san wahalar ruwa a Damagaram kun fi kowa gane darajar wannan.

Tunda na shigo, bari in ce wani abu kan aikina. Ni gyaran jirage nake yi, kuma wurin nan yana da girma a idonmu. Dutsen Barmuda yana tsotsar ruwa, saboda haka ba su iya haƙa ramin da ake shigar da jirgi a janye ruwa a gyara ƙasansa ba. Sai suka ƙera wani ƙaton kwarin ƙarfe mai shawagi a Ingila, a nutsar da shi jirgi ya shiga, a fitar da ruwan ya ɗago da jirgin sama. A 1869 suka jawo shi da jirage tun daga Ingila har Barmuda. Gawarsa tana nan tana tsatsa a Spanish Point. Shi ma gidan Kwamishinan da Hajiya ta shiga, ƙashinsa na ƙarfe ne da aka zuba a Ingila aka kawo aka harhaɗa.

Maman Ihsan (New Jersey):
Injiniya, to ka warware mini wani abu. Ginin da aka mayar kantuna yana da hasumiya biyu, kowace da agogo, amma ɗayan hannu ɗaya gare shi.

Injiniya (Fatakwal):
Wannan shi ne babban sito na sansanin, an gama shi a 1856. Agogo ɗaya na lokaci ne. Mai hannu ɗayan kuwa ana saita shi ne ya nuna lokacin da teku za ta cika, don matuƙi ya san sa'ar da zai bi ta kan duwatsun nan lafiya. Yau mutane na sayen riguna a ƙarƙashinsa, da wuya ka ga wanda ya ɗaga kai.

Alhaji na Bronx:
Kun ga abin da nake faɗi ke nan. Sito ne, yanzu kantuna ne, rufinsa bai zube ba, agogon yana nan Injiniya ya ba mu labarinsa. Ni Bakano ne, kuma duk zuwan da na yi gida sai na ga badala ta ƙara raguwa. An ɗebi ƙasarta an yi bulo, an yanka an yi shago, wani wurin sai dattijo ya nuna maka ya ce nan ta bi. Ganuwar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu. Mu da ba mu mayar da tamu wurin baƙi ba, me muka tsira da shi? Wallahi na fi son in ga ana sayar da askirim a gindin badala tana tsaye, da in ga babu ita.

Ɗan Zango (Kumasi):
Alhaji wannan ta kama ni, ba ni da ja a kan badala. Amma ba wanda ya ce a kori baƙi. Abin da nake cewa, tsakanin ƙofar jirgi da tashar mota kowa ta nan yake bi. Me zai hana a kafa wani abu babba a kan hanyar, wanda ba sai ka biya ba, ba sai ka nema ba, ya gaya maka hannun wa ya yi wannan aiki? Minti ɗaya ya isa. Daga nan ka tafi wankanka.

Malam Mai Tarihi (Zariya):
Kada kuma mu ɗauka 'yan Barmuda suna jiran mu ne mu tuna musu. Mafi yawan mutanen tsibirin baƙaƙen fata ne, kuma babban hutunsu na shekara a kan wannan yake. An soke bauta a can ranar 1 ga Agusta 1834. Kowace shekara, Alhamis da Juma'ar da ke gab da wannan lokaci gari yake tsayawa cak don wasan kurket tsakanin ƙungiyoyin Somerset da St. George's, suna ce masa Cup Match. Ranar farko ranar 'yanci ce. Ta biyu da sunan George Somers ake kiranta, shugaban ayarin jiragen da Sea Venture ke ciki, amma daga 2020 aka mayar da ita ranar Mary Prince, baiwar da aka haifa a Barmuda wadda aka buga labarin rayuwarta a Landan a 1831.

Akwai kuma labarin da nake so ɗalibaina su sani. A 1835 guguwa ta koro wani jirgin Amurka mai suna Enterprise zuwa Hamilton da bayi 78 a ciki. Tunda bauta ta haramta a tsibirin, aka kai su gaban alƙali, aka tambaye su ɗaya bayan ɗaya ko za su zauna ko za su koma. Mutum 72 suka zauna. Shi kansa Dockyard ya taɓa karɓar bayin da suka gudo daga Amurka a yaƙin 1812 suka shiga sojan Ingila. A nan aka ajiye su kafin a ba su filaye a Tirinidad a 1816.

Alhaji na Bronx:
Malam, Allah ya ƙara ilimi. Sau biyu na je ban ji ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma ba wanda ya hana ni shiga gidan tarihin, ni ne na wuce. Ina nan a kan bakana game da kasuwar. Amma maganar Ɗan Zango ta a kafa wani abu a kan hanya, na yarda da ita.

Anti Nas (Landan):
Kun canza mini shirin tafiya gaba ɗaya. Maman Ihsan, Mama ba ta iya doguwar tafiya a ƙasa. Kwana uku za mu yi, ya za mu raba su?

Maman Ihsan (New Jersey):
Anti, ranar farko kada ku je ko'ina. Ku bari taron ya watse, wajen ƙarfe goma ku shiga gidan tarihin a hankali. Hawan zuwa gidan Kwamishina akwai ɗan tudu, ku riƙa hutawa, kuma barandarsa tana da iska, Mama za ta ga teku ta kowane gefe. Ba a ba baƙi hayar mota irin tamu a can, sai babur ko wata 'yar ƙaramar mota mai lantarki ta mutum biyu, don haka ku sayi katin da ke aiki a bas da jirgin fito duka. Dalarsu daidai take da ta Amurka, kuma ana karɓar ta Amurkar ko'ina. Rana ta biyu ku hau jirgin fito zuwa St. George's, tsohon garin da aka kafa a 1612. Ta uku in kuna son yashin hodar, bas mai lamba 7 ce ke bi ta Horseshoe Bay, ku fita da sassafe.

Akwai wuri ɗaya da ban faɗa muku ba. Ranar da za mu tashi, bayan asuba na fita ni kaɗai na bi titin da ya fita daga Dockyard, na tsallaka 'yar gada. Maƙabartar sojan ruwa tana nan a wani kwari, da manyan duwatsu da sunaye da muƙamai. Ta fursunonin kuma daban take, 'yar ƙarama a bayan wasu gidaje kusa da ruwa, sai da na tambayi wata dattijuwa mai jiran bas ta nuna mini. Cikin mutum wajen 2,000, kaburbura 13 ne ke da alama. Na daɗe a tsaye, ba kowa sai kukan tsuntsaye, ina hango hayaƙin jirginmu ta saman bishiyoyi. In Mama ba za ta iya takawa ba ku ɗauki tasi, ba nisa, ku ce wa direban ya jira ku.

Anti Nas (Landan):
In sha Allahu za mu je. Ki turo mini hoton mashigar ta waya don kada mu wuce ta.